Coci da majami'ar Yahudawa a unguwa ɗaya: ta ina ake fara zumunci?

Ishaya: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san aikin. A biranen Ingila da Jamus da Amurka akwai ikkilisiyoyin mutanenmu da suke zaune a unguwannin da Yahudawa suka daɗe a ciki. Ana rubuta zagi a bangon majami'unsu, ana fasa duwatsun kaburburansu, makarantun 'ya'yansu sai da masu gadi a ƙofa. In dattawan coci suka ce suna so su tsaya tare da waɗannan maƙwabta, da me za su fara? Wasiƙa, ko ziyara, ko taron addu'a? Abin da za a iya aikatawa nake nema.

Rabaran Bitrus: Ishaya ɗana, kafin wasiƙa akwai gyara a cikin gida, kuma a kan mumbari yake da ajin makarantar Lahadi. A 1947 Kiristoci da Yahudawa sama da sittin suka taru a ƙauyen Seelisberg na Suwizalan, suna neman sanin yadda aka yi aka hallaka Yahudawa miliyan 6 a nahiyar da take cike da coci-coci. Ƙa'idoji goma suka fitar, kuma masu wa'azi da masu koyarwa suka nufa da su. Daga ciki akwai cewa a riƙa tunawa Yesu uwa Bayahudiya ce ta haife shi, almajiransa na farko da shahidai na farko Yahudawa ne, kuma kada a ba da labarin gicciye ta yadda laifin zai hau kan al'ummar gaba ɗayanta.

Ga yadda ake gyaran. A ɗauko wa'azozin makon Ista na shekarun baya, da littattafan makarantar Lahadi, a zaunar da mutum biyu ko uku su karanta da jan biro. Su duba yadda aka yi da Matiyu 27:25, inda taron ya ɗauki alhakin jinin a wuyansa da na 'ya'yansa. Wannan ayar ce aka yi ta kafa hujja da ita wajen far wa unguwannin Yahudawa a makon Ista a Turai. Su duba ko an mai da Farisiyawa abin buga misali da munafunci, domin addinin Yahudanci na yau daga koyarwar Farisiyawa ya tsiro, kuma mai sauraro Bayahude kakanninsa yake jin ana zagi. Su duba kuma maganar nan mai daɗin baki, wai Allah na Tsohon Alkawari mai fushi ne, na Sabon Alkawari mai ƙauna. Wannan koyarwar Marsiyon ce, ikkilisiyar Roma ta kore shi a kanta wajen shekara ta 144. Umarnin ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka a Littafin Firistoci 19:18 yake tun kafin Yesu ya maimaita shi.

Fada Yohanna: Baba Rabaran ya ɗauko ta daga tushe. Bari in ƙara na ɓangaren Katolika. Ɗaya daga cikin mutanen Seelisberg shi ne Jules Isaac, masanin tarihi Bayahude Bafaranshe wanda 'yan Nazi suka kashe matarsa da 'yarsa. A watan Yunin 1960 ya gana da Paparoma Yohanna na 23, ya nuna masa yadda koyarwar raini ta yi ƙarnuka tana shiga jinin Kiristoci. Daga nan aka bi hanyar da ta kai ga sanarwar cocin Katolika mai suna Nostra Aetate ta ranar 28 ga Oktoban 1965, wadda bishop-bishop 2,221 suka amince da ita, 88 suka ƙi. Sashe na huɗu ya ce ba za a ɗora abin da ya faru a wahalar Yesu a kan dukan Yahudawan wancan zamani ba, balle na yau, kuma kada a nuna su a matsayin waɗanda Allah ya yasar ko ya la'anta.

Ga mai wa'azi, hujjar tana cikin abin da muke furtawa kowace Lahadi. A maganar gicciye, Shahadar Bangaskiya sunan mutum ɗaya ta kama, Bilatus. Gicciyewa hukuncin Romawa ne, gwamnan Roma ne ya zartar. Bisharar Yohanna ta ambaci Yahudawa kusan sau saba'in, kuma a wurare da yawa shugabannin haikali na Urushalima take nufi, tunda shi Yesun da Maryamu da Bitrus duk Yahudawa ne. Ba a canza nassi. Abin da ake yi, kafin karatun Juma'ar Gicciye mai jagora ya yi bayani na minti biyu, ko a buga shi a takardar shirin sujada.

Mama Rifkatu: Fada, kun manta wurin da yara suka fi ɗaukar darasi, wasan kwaikwayon Ista. Wannan ya shafi har ikkilisiyoyinmu na Jos da Kaduna da Yola inda yaro zai girma bai taɓa ganin Bayahude ba. Abin da yake lalacewa kusan iri ɗaya ne ko'ina: a sa wa masu ihun a gicciye shi baƙaƙen kaya da muguwar fuska, a sa wa Yesu da almajirai farare kamar daga wata ƙabila suka fito, Bilatus kuma a mai da shi mutumin kirki da aka tilasta. Yaro ya tashi da hoton nan har tsufansa.

Garin Oberammergau na Jamus yana yin irin wannan wasa tun 1634. Hitler ya kalla a 1930 da 1934, ya yaba. Daga 1990 suka fara gyara tare da shawarar malaman Yahudawa, a wasan 2000 kuma suka cire maganar alhakin jini. Abin da za a koya daga gare su mai sauƙi ne. Kayan Yesu da na taron su zama iri ɗaya. A raba taron biyu, wasu na ihu, wasu na kuka, kamar matan Urushalima na Luka 23:27. Sojojin Roma su fito da ƙarfinsu, a ga a hannun wa takobi yake.

Ishaya: Na gode iyayena. To an gyara gida. Yanzu ƙofar maƙwabci fa?

Dakta Ladi: A nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya suke tuntuɓe, kuma a kan ƙananan abubuwa. Da farko a san wace irin majami'a ce. Akwai 'yan Otodoks masu riƙe da dokokin gargajiya sosai, akwai masu sassauci, akwai na tsakiya. Abin da ɗaya zai karɓa, ɗayan ba zai karɓa ba.

Kada a je ba sanarwa. Baƙon fuska a ƙofar majami'a tashin hankali ne ga masu gadi. A rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga rabbi, wato malaminsu na addini, da shugaban kwamitin majami'ar, a kan takarda mai tambarin coci, a faɗi su waye ku, a nemi ganawar rabin awa a lokacin da ya yi musu. Mutum biyu ko uku su je. Tambaya ɗaya ce aikin ranar: me kuke fuskanta, me zai taimaka muku daga wajenmu? A saurara, a rubuta, kada a zo da shiri a aljihu. A Ingila akwai Majalisar Kiristoci da Yahudawa, wadda Babban Rabbi Joseph Hertz da Akbishop William Temple suka kafa a 1942, tana da rassa a garuruwa. A Jamus akwai ƙungiyoyin haɗin kai irin wannan sama da tamanin. In akwai reshe a garinku, ku bi ta hannunsu, sun riga sun san kowa.

Lokaci: Asabaci yana shiga daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun daren Asabar. Mai kiyaye shi ba ya tuƙi, ba ya taɓa waya, ba ya rubutu. Kwamitocin coci sun fi son taron ranar Asabar da safe, shi ke nan sun rufe ƙofa da kansu. A hunturun Turai rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, don haka yammacin Juma'a ma ya fita. Satumba zuwa Oktoba kuma bukukuwa ne a jere, sabuwar shekararsu da Ranar Kafara da Idin Bukkoki, rabbi ba shi da sukuni. Talata ko Laraba da yamma ta fi.

Abinci: halal ba ta wadatar ga mai kiyaye dokar kosha, wato dokar abinci ta Yahudawa. Ba a haɗa nama da madara, ba a cin alade da jatan lande, kuma tukwane da faranti na kicin ɗin coci ba su halatta ba ko da kayan lambu aka dafa. Mafita ita ce a sayi abinci a rufe mai hatimin hukumar kosha, a bar shi a rufe har baƙin su buɗe da kansu, a kawo faranti da kofuna na yarwa, da 'ya'yan itace da ba a yanka ba. Ruwan inabi ma sai mai hatimi. Zumuntar mata za su so su dafa, don haka a yi musu bayani tun da wuri, kada su ga an ƙi abincinsu su ji haushi.

Wuri: 'yan Otodoks da yawa ba sa shiga ɗakin sujada na coci. Ba raini ba ne, doka ce a wurinsu. A yi taron a zauren gefe, ko ɗakin karatu na gari. Wasunsu kuma ba sa musafaha tsakanin namiji da mace, wannan mu Hausawa mun saba da shi.

Fasto Danjuma: Duk na ji, amma akwai abin da ake kewayewa. An umarce mu mu kai bishara ga dukan al'ummai, Bulus ma ya ce ga Bayahude da fari. In muka shiga zumunci muka kulle bakinmu a kan Yesu, ba mun sayar da aikinmu ba ke nan?

Fada Yohanna: Tambayar tana kan hanya, Fasto, kuma ikkilisiyoyi ba su zama baki ɗaya a kanta ba. A Disambar 2015 hukumar Vatikan mai kula da hulɗa da Yahudawa ta ce Katolika ba ta gudanar da wani shiri na musamman na juyar da Yahudawa, ba ta kuma goyon bayansa, tana dogara da Romawa 11:29, cewa Allah ba ya janye baiwarsa da kiransa. Majalisar ikkilisiyoyin Furotesta ta Jamus ta ɗauki irin wannan matsayi a 2016. Amma 'yan Baptis na kudancin Amurka sun zartar da ƙuduri a 1996 na ƙara himma wajen yi wa Yahudawa bishara. Ka ga akwai saɓani na gaske.

Fasto Danjuma: Ni ina tare da na ƙarshen. Ba zan ce wa ikkilisiyata akwai wanda ba ya bukatar Almasihu ba.

Rabaran Bitrus: Ba wanda ya ce ka faɗi haka, ɗan'uwana. Tauhidinka naka ne. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a mai da ziyarar jaje ƙofar farauta. Ka tuna abin da kalmar tuba take tayarwa a zuciyarsu: a Sifen a 1492 zaɓi biyu aka ba su, baftisma ko barin ƙasa. A Roma an yi ƙarnuka ana tilasta musu zama su saurari wa'azin juyarwa. Mutumin da aka fasa masa taga jiya, ka zo da ƙasidar bishara a hannu, ya gama da kai, kuma zai gaya wa sauran majami'un garin.

Ƙa'idar da take aiki ita ce a faɗa a fili tun zaman farko, a rubuta: a wannan dandali ba a raba ƙasida, ba a gayyatar kowa ya canza addini, ba a karɓar lambar waya don bibiya. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa ba ragi. Su ma suna da nasu iyakar. A 1964 Rabbi Joseph Soloveitchik, babban malamin 'yan Otodoks na Amurka, ya hana muhawarar aƙida da Kiristoci, ya yarda da haɗin kai a kan al'amuran jama'a kamar talauci da zaman lafiya. Har yau da yawa suna bin wannan. Saboda haka mai ra'ayinka da mai ra'ayinsa za su iya raba abinci ga mabukata tare, su tsaya wa juna a gaban hukuma, ba wanda ya taɓa aƙidar wani.

Fasto Danjuma: In dai ba za a hana ni amsa tambaya da gaskiya ba, wannan zan iya sa hannu a kai. Amma ban janye matsayina ba.

Malam Sani: Ku ba ni dama in shigo, ko da yake maganar ta coci ce. Yawancin masu karanta mu za su ce: ana kashe mutane a Gaza, ku kuna maganar tagar majami'a. Kuma suna da hujjar jin zafi, an kashe dubun-dubatar Falasɗinawa, ciki har da Kiristoci. Yaya za a yi wannan zumunci bai zama goyon bayan gwamnatin Isra'ila ba?

Dakta Ladi: Malam, wannan ce tambayar da ta fi rusa irin waɗannan ƙungiyoyi, musamman tun daga Oktoban 2023 da yaƙin Gaza ya ɓarke. Akwai takardu biyu da ake jayayya a kansu. Ma'anar ƙyamar Yahudawa da ƙawancen ƙasashe masu tunawa da Holokos, wato kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa, ya amince da ita a 2016 tana da misalai goma sha ɗaya, bakwai sun shafi Isra'ila, kuma masu suka suna cewa ana amfani da ita a toshe bakin masu kare Falasɗinawa. Sanarwar Urushalima ta 2021, wadda masana sama da ɗari biyu suka sa wa hannu, ta fi buɗe fili, har ta ce ƙaurace wa kayan Isra'ila a kan kansa ba ƙyamar Yahudawa ba ne. Amma duka biyun sun haɗu a abu ɗaya: ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya alhakin abin da gwamnatin Isra'ila ta yi ƙyama ce. Ita ta 2016 ɗin ma ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙyama ba ce.

A aikace, zanga-zanga a gaban ofishin jakadanci siyasa ce, a gaban majami'ar unguwa tsoratar da masu ibada ce. Tambayar ɗan makaranta Bayahude ya barranta da Isra'ila kafin a zauna da shi daidai take da tambayar Musulmin Landan ya barranta da Boko Haram kafin a ba shi aiki. Kuma Yahudawa kansu sun rabu sosai a kan yaƙin da kan gwamnatin.

A ƙungiya, kada a sa wannan batu a zaman farko, kada kuma a haramta shi har abada, don zai fashe a WhatsApp. Bayan zama biyar ko shida, in an san juna, a keɓe masa rana, ba 'yan jarida, ba ɗaukar murya, kowa ya faɗi abin da yake ji da dalilinsa, ba a neman sanarwar bai ɗaya. Ƙungiyoyin da suka nace sai sun fitar da sanarwa guda su ne suka fi watsewa, domin kowace kalma sai ta zama fagen daga.

Malam Sani: Na gamsu da rarrabewar. Zan ƙara daga namu ɓangaren, don kada a ɗauka gyaran gida na Kiristoci ne kawai. Tarihinmu yana da fuska biyu. Akwai yarjejeniyar Madina, akwai Daular Usmaniyya ta Turkiyya da ta karɓi waɗanda aka kora daga Sifen, akwai Musulmin Albaniya da suka ɓoye Yahudawa daga 'yan Nazi. Akwai kuma abin da ya faru a Tuwat, cikin Aljeriya ta yau, wajen 1492, inda Shehu Magili ya sa aka rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, alhali alƙalin yankin, al-Asnuni, bai yarda da shi ba. Shi ne malamin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ana girmama iliminsa, amma a san cewa malaman zamaninsa sun saɓa masa a wannan.

Na zamaninmu kuma, a ranar 21 ga Fabrairun 2015, mako guda bayan an kashe mai gadin majami'a a Kopenhagen ta Denmark, matasan Musulmi suka shirya zoben mutane a gaban majami'ar Oslo ta Norway, sama da mutum dubu suka halarta. Da aka kashe mutum 11 a majami'ar Tree of Life ta Pittsburgh a Amurka ranar 27 ga Oktoban 2018, ƙungiyoyin Musulmi suka tara sama da dala 200,000. Bayan kusan wata biyar aka kai hari masallatan Christchurch ta New Zealand, Yahudawan Pittsburgh suka tara wa waɗancan iyalai kuɗi. Coci da take shirin wannan aiki ta gayyato limamin unguwa tun da wuri.

Ishaya: Wannan ya kawo ni ga abin da na fi tsoro. In abu ya faru, a ce an kai hari ko an yi ɓarna da dare, me coci za ta yi a ranar?

Dakta Ladi: Abin da za a yi a ranar, tun kafin ranar ake shirya shi. Fasto da rabbi su riƙe lambar juna ta hannu. A awannin farko saƙo gajere ya isa: mun ji, muna nan, me kuke bukata? Kada a yi tururuwa zuwa wurin, 'yan sanda sun killace, taro kuma ƙarin nauyi ne ga masu tsaro. In rubutun zagi ne a bango, kada a yi gaggawar gogewa. A ɗauki hoto, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi lambar ƙara, sannan a tambayi masu majami'ar ko suna son taimakon fenti. A Birtaniya ana kuma sanar da ƙungiyar CST mai tsaron al'ummar Yahudawa, ita ce take tattara alƙaluman hare-hare. Ita ce ma ta taimaka wa Tell MAMA, mai tattara na ƙyamar Musulmi, da aka kafa a 2012.

Taron jaje kuwa, su za su zaɓi rana da wuri da masu magana. Kada ya faɗa Asabaci. Addu'a daga Zabura ta fi, kamar ta 23 ko 121 ko 130, tunda littafin kowa ne. A sanarwar coci a kira abin da sunansa, ƙyamar Yahudawa. Sanarwar da ta ce muna Allah wadai da kowace irin ƙiyayya ba tare da ambaton waɗanda aka kai wa harin ba, su suna jin ta kamar an share su.

Mama Rifkatu: A ƙara da maganar ƙofa. A Halle ta Jamus, ranar 9 ga Oktoban 2019, Ranar Kafara, mutum kusan hamsin suna ciki, babu ɗan sanda a waje. Ƙofar katako mai kauri ce ta hana maharin shiga, sai ya kashe mutum biyu a waje. A Colleyville ta Texas, Janairun 2022, mutumin ƙwanƙwasawa ya yi kamar mai neman mafaka, rabbi ya shigar da shi har ya haɗa masa shayi, sai ya yi garkuwa da su kusan awa goma sha ɗaya. Don haka in kun je ziyara, a tura sunaye kwanaki kafin ranar, a zo da katin shaida, kada a riƙe wa wanda ba a sani ba ƙofa, kada a ɗauki hoton mashiga ko kyamarori, kada a sa rana da lokaci a Facebook sai bayan an tashi. Maza su karɓi ƙaramar hular da za a miƙa musu, wayoyi a kashe.

Taimako mafi amfani sau da yawa ba ya fitowa a jarida. Bayan harin Pittsburgh, cocin Calvary ta Episkofal ta ba jama'ar Tree of Life wurinta suka yi manyan bukukuwansu na 2019. Wasiƙar haɗin gwiwa zuwa ga shugaban 'yan sanda ana neman sintiri a ranakun idi ma aiki ce, kuma sa hannun fastoci goma ya fi na rabbi ɗaya nauyi a kunnen hukuma.

Rabaran Bitrus: Billings ta jihar Montana a Amurka ta cancanci ambato. A Disambar 1993 aka jefa bulo ta tagar ɗakin wani yaro Bayahude da ya manna hoton fitilar bikin Hanuka. Coci-coci suka fara raba hoton, jaridar garin ta buga shi a cikakken shafi, dubban gidaje suka manna a tagoginsu. An farfasa wasu tagogin, har da na coci, kuma mutane suka ƙara mannawa. Abin lura shi ne haɗarin ya rarrabu a kan kowa. Amma a yau kada a ɗauki alamar addininsu a yi haka sai an tambaye su.

Hajiya Binta: Baba Rabaran, wannan na ƙarshen ya tuna min wani abu da nake gani a wurin 'yan'uwanmu Kiristocin Najeriya. Ana zuwa ziyarar Urushalima a dawo da laƙabin JP, ana busa ƙahon rago a coci, ana yafa mayafin addu'ar Yahudawa, ana daga tutar Isra'ila. Wannan ba shi ne zumuncin da ake nema ba?

Fada Yohanna: A'a Hajiya, sau da yawa ma cikas ne. Mutum zai iya son ƙasar Isra'ila bai taɓa zama da Bayahude ba, ko ya so su don matsayin da ya ba su a lissafinsa na ƙarshen zamani, inda a ƙarshe ko su tuba ko su hallaka. Suna sane da wannan. Babban misali shi ne cocin da take shirya jibin Idin Ƙetarewa da kanta ranar Alhamis kafin Ista, tana fassara kowane abu a kan teburin da Yesu. Tsarin jibin da Yahudawa suke yi yau ya kafu ne bayan rushe haikali a shekara ta 70, ba shi ne abin da Yesu ya yi ba. Ɗaukar ibadar mutane masu rai a canza mata ma'ana yana ɓata musu rai ƙwarai. Mai son gani ya jira gayyata, majami'u da yawa suna shirya na koyarwa don baƙi.

Haka wa'azin arziki da ake cewa a koyi sirrin kuɗi daga Yahudawa. Mai faɗa yana ganin yabo yake, alhali tsohuwar ƙaryar nan ce ta cewa su ke riƙe da dukiyar duniya. Maharin Colleyville ya zaɓi majami'a ne don ya gaskata Yahudawa suna da ikon sa gwamnatin Amurka ta saki fursuna.

Malam Sani: Ita wannan ƙaryar tana yawo a wayoyinmu da Hausa, Musulmi da Kirista kowa na turawa. Tushenta littafin jabu ne da ake kira Protocols, wai bayanan taron sirri na dattawan Yahudawa. A Rasha ya fara fitowa a 1903. A 1921 jaridar Times ta Landan ta nuna an kwafo sassansa ne daga wani rubutun Faransanci na 1864 da yake sukar Napoleon na uku, wanda babu ruwansa da Yahudawa. In an turo ta a zauren WhatsApp, mai kula da zauren ya cire saƙon, ya kira wanda ya turo a gefe, sannan ya sa wannan bayani a fili. Kunyata mutum a gaban jama'a yakan sa ya ƙara kafewa.

Ishaya: Saura ɗaya. Yaya ake hana abin mutuwa bayan zama biyu?

Dakta Ladi: Abin da ya fi kashe shi, ya rataya a kan mutum biyu. A canza wa fasto wurin aiki ko rabbi ya yi ritaya, shi ke nan. A kafa kwamiti na mutum shida zuwa takwas, rabi daga kowane ɓangare, da mata da matasa a ciki, shugabanni biyu, a sa shi cikin rahoton shekara na coci da ɗan kasafinsa na abinci da hayar zaure. Zama huɗu a shekara ya isa, a tsayar da ranakun tun Janairu da kalandar ɓangarorin biyu a gaba.

Abin yi a zaman, in sun yarda da karatun nassi, akwai tsarin da Peter Ochs da David Ford suka yaɗa tun shekarun 1990: mutum shida zuwa goma, jigo ɗaya kamar baƙo ko bashi ko maraya, gajeren nassi daga kowane littafi a takarda ɗaya, mai littafin ya gabatar da nasa cikin minti biyar, sauran su yi tambaya, awa ɗaya da rabi a tashi. In ba su yarda ba, aikin hannu: rumbun abinci na mabukata, ko share tsohuwar maƙabartar Yahudawa da izininsu, ba ranar Asabar ba. Ranakun da aka saba haɗuwa su ne 27 ga Janairu, ranar tunawa da Holokos da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2005, da 9 ga Nuwamba, daren da aka ƙona majami'u a Jamus a 1938. Amma kada duk zaman ya zama na makoki. A nemi gayyata zuwa Idin Bukkoki ko Hanuka ma, a ga mutanen suna murna.

Fasto Danjuma: Dakta, waccan ƙa'idar ta hana raba ƙasida, wa zai rubuta ta?

Dakta Ladi: Shugabannin biyu tare, shafi ɗaya, kowane kwamitin dattawa ya amince kafin zama na biyu. Duk sabon mamba a ba shi ya karanta kafin ya shigo.